Wa ke ba da labarin? Muryar mai ba da labari a adabin Hausa da na ƙasashen Sahara

Kowane labari yana da bakin da ya fito. A nazarin adabi ana kiran wannan baki mai ba da labari, kuma shi daban yake da marubuci. Marubuci shi ne mutumin da ya riƙe alƙalami. Mai ba da labari kuwa murya ce da marubucin ya zaɓa ya ɗora wa maganar. Abubakar Imam ne ya rubuta Magana Jari Ce, amma yawancin labaran da ke ciki daga bakin aku suka fito. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta Shaihu Umar, amma mai cewa "ni" a littafin wani malami ne da aka sace yana yaro aka ƙetare hamada da shi. Zaɓen wannan murya shi ke yanke abin da mai karatu zai sani, da lokacin da zai san shi, da wanda zai tausaya wa.

Masanin adabi na Faransa Gérard Genette, a littafinsa Figures III na 1972, ya raba batun gida biyu: wa ke magana, wa kuma ke gani. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin duka biyun, amma ba kullum ba. Tsoho na iya ba da labarin ƙuruciyarsa da bakin tsufa, alhali idon da ke kallon abubuwan idon yaro ne wanda bai fahimci abin da manya ke ƙullawa ba.

Ganau da jiyau

Tun kafin zuwan boko Hausawa suna auna magana da bakin da ta fito. Akwai ganau, wanda abin ya faru a gabansa, akwai jiyau, wanda aka ba shi labari, shi ya sa ake cewa gani ya kori ji. Wannan awo ne ya raba manyan nau'o'in ba da labari na gargajiya guda biyu.

Tatsuniya, wadda a yammacin ƙasar Hausa ake kira gatana, ba ta da'awar gaskiya. Da dare ake yin ta, galibi tsofaffi mata ne ke yi wa yara. Mai yi za ta buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", sai masu sauraro su amsa kafin ta ci gaba, ta kuma rufe da "ƙurunƙus", ta jingina ƙaryar ga Gizo. Tsakanin buɗewa da rufewa ta san komai: abin da Gizo ke ƙullawa a ransa, abin da Ƙoƙi ba ta sani ba, inda Dodo ya laɓe. Ba wanda zai tambaye ta inda ta samo, domin an riga an yarda tun farko cewa wasa ne.

Labari kuwa ana ɗaukar sa abin da ya auku. Mai ba da shi dole ya nuna madogara: ko ya gani da idonsa, ko ya ji daga wane wanda ya ji daga wane. Almajiran ilimi sun saba da wannan a karatun hadisi, inda ake jero sunayen maruwaita kafin a kawo maganar.

Manyan muryoyi

Muryar "ni". Mai ba da labari yana cikin labarin, ko shi ne babban tauraro ko shaida ne kawai. Misali: "Motarmu ta mutu tsakanin Ingezam da Tamanraset, na dubi direba, na kasa gane abin da shirunsa ke nufi." Ƙarfin wannan murya kusanci ne da mai karatu. Iyakarta ita ce ba ta shiga zuciyar kowa sai tata, kuma tana iya mantuwa, ko son kai, ko ƙarya.

Muryar "shi" ko "ita" mai sanin komai. Mai ba da labari yana waje, yana shiga kowace zuciya: "Motar ta mutu. Direba ya san jarkar ruwa ɗaya ta rage, amma ya yi gum. Matar da ke kujerar baya kuwa tana tunanin yaran da ta bari a Matamaye." Wannan ita ce muryar tatsuniya.

Muryar "shi" ko "ita" mai iyaka. Ana magana daga waje, amma an manne wa tauraro ɗaya, ba a sanin abin da bai sani ba. A misalin motar, in an manne wa matar, mai karatu ba zai san saura jarka ɗaya ba sai lokacin da ita ta gano.

Muryar "kai" ko "ke". Ba ta da yawa a ƙagaggun labarai, amma kunnen Bahaushe ya saba da ita a kirari da waƙar yabo, inda maroƙi ke tsara wa mutum tarihinsa a gabansa. Ahmadou Kourouma na Kodebuwa ya gina En attendant le vote des bêtes sauvages (1998) a kan haka: mawaƙin mafarauta ne ke zayyana wa shugaba Koyaga rayuwarsa ido da ido a zama 6, ana yabo ana tonon asiri.

Muryar "aka". Hausa tana da wakilin suna da ba ya nuna wanda ya yi aikin: an, aka, ana, a kan. Da shi ake ba da tarihin gari da labarin yaƙi. Amfaninsa yana da kaifi biyu. Yana ba labari nauyin maganar jama'a, yana kuma iya ɓoye mai laifi, domin "aka kama su aka sayar" bai faɗi wanda ya kama ba.

Akwai wata dama da nahawun Hausa ke ba marubuci. Ana bambanta jinsi a "ka" da "kin", da "ya" da "ta", amma "na" ɗaya ce ga mace da namiji. Marubuci na iya tafiyar da shafuka ba a san ko mace ce ke magana ba, sai ranar da wani ya ce mata "ke", ko ita ta ce "ni ce".

Labari cikin labari: littattafan farko

A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai 5 suka fito daga gasar, aka fara buga su a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Muhammadu Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East.

Matsalar da marubutan suka fuskanta ita ce masu karatunsu sun saba rubutu na addini ne ko na mulki, ƙagaggen zance kuwa na dare ne, na yara. Uku daga cikinsu sun bi hanya ɗaya wajen warware ta: sun zaunar da ganau a gaban masu sauraro a cikin littafin, suka bar shi ya yi magana. A Ruwan Bagaja, Koje Sarkin Labari ne ya isa Kwantagora, Alhaji Imam ya ba shi labarin neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, da wasan kura da suka yi ta yi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. A Ganɗoki, tsohon mayaƙi ne ke ba yara labarin yaƙi da Turawa, kafin ya zarce da su ƙasashen aljannu. A Shaihu Umar, almajirai ne suka tambayi malaminsu asalinsa a garin Rauta kusa da Bauci.

Muryoyin uku ba nauyinsu ɗaya ba. Alhaji Imam da bakinsa yake faɗin yadda ya damfari mutane, don haka mai karatu na dariya yana kuma taka-tsantsan da shi. Ganɗoki mai cika baki ne, maganarsa cike da kirari. Shaihu Umar malami ne mai natsuwa, wanda aka gina shi don a yarda da shi.

Jiki Magayi ya bi wata hanya. Muryar waje ce mai sanin komai, kuma labarin ba zai yiwu ba sai da ita. Mai karatu ya san yadda Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainab, ya san ramuwar da Abubakar ya ƙulla, yana kallo Kyauta na tafiya zuwa ga kashe mahaifinsa bai sani ba. Tashin hankalin littafin yana cikin tazarar da ke tsakanin sanin mai karatu da rashin sanin yaron.

Magana Jari Ce, wanda ya fito a littafi 3 tsakanin 1937 da 1939, ya kai dabarar labari cikin labari matuƙa. A littafi na farko aku yana ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari ne don ya tsare shi a gida, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Ke nan kowane labari yana da aiki biyu: nishaɗi ga mai karatu, jinkiri ga yarima. Wannan zubi ya yi kama da na Dare Dubu da Ɗaya, inda Shaharzad ke sayen ranta da labari, da kuma tsohon littafin Indiya na labaran aku guda 70. Imam ya ɗauko labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu rigar Hausa, kuma bakin aku ne ya ɗinke su wuri ɗaya.

Ƙetare hamada: wa ya samu bakin magana

Labaran Sahara sun fi nuna abin da zaɓen murya ke jawowa, domin hanya ɗaya ce mutane daban-daban suka bi, amma ba duka aka ji bakinsu ba.

Ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da aka rubuta da Hausar boko na Dorugu ne, yaro daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta. Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi a Barno, bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Heinrich Barth har Tumbutu, ya ƙetare hamada da shi zuwa Tarabulus a 1855, daga nan sai Ingila. A can ya shifta wa J. F. Schön labarinsa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Barth ya rubuta littafi 5 a kan tafiyar, inda Dorugu yake yaron gida da ake ambata jefi-jefi. A nasa labarin kuwa Barth ne ake kallo, kuma Turawan Ingila da yadda suke cin abinci su ne abin mamaki.

Shaihu Umar ƙagagge ne, amma hanyar ta gaske ce. An kai yaron Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi arewa ya rene shi kamar ɗa. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus. A nan littafin ya miƙa muryar "ni" fiye da iyakarta, domin Umar yana ba da labarin abubuwan da suka faru yana jariri da wahalar da uwarsa ta sha ba ya nan. A waɗannan wurare jiyau ne. Sakamakon haka, wadda ta fi kowa shan azabar bauta a littafin ba ita ke ba da labarinta ba, ɗanta ne, wanda bautar ta zo masa da sauƙi har ya zama malami. An fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976.

Duwatsun Ahaggar, inda Tamanraset da Idles da Abalesa suke, sun shiga adabin Faransa ta bakin baƙi. L'Atlantide na Pierre Benoit (1919) labari ne cikin labari: wani hafsan soja ya rubuta abin da abokinsa Saint-Avit ya ba shi game da sarauniya Antinéa da ke ɓoye cikin duwatsun. Manyan masu maganar duk sojojin Faransa ne. Mutanen ƙasar ƴan rakiya ne da bayi, sai dai a wuri guda an bar Tanit-Zerga, baiwa ƴar Gawo, ta faɗi yadda aka rabo ta da garinsu. Ko littafin Textes touareg en prose, wanda aka buga a birnin Aljas a 1922 cike da bayanin rayuwar Abzinawan Ahaggar da harshensu, sunayen Motylinski da Charles de Foucauld ne a bangonsa, ko da yake Ba-Hammu, magatakardan Amenokal Musa ag Amastan, yana cikin waɗanda aikin ya dogara da su.

Marubutan yankin sun mayar da martani ta hanyar sauya mai magana. A L'Étranger na Albert Camus (1942), Meursault ne ke ba da labari, kuma Balaraben da ya harbe a bakin teku ba a ko ba shi suna ba. Bayan shekara 71 Kamel Daoud ya fitar da Meursault, contre-enquête (2013), inda Haruna, ƙanen mamacin, ya karɓi maganar ya ce sunan yayansa Musa. Abdoulaye Mamani na Nijar, wanda ya yi zaman gudun hijira a Aljeriya, ya rubuta Sarraounia (1980) a kan yaƙin Lugu na 1899 tsakanin Sarauniyar Azna da rundunar Voulet da Chanoine. Kafin shi, abin da ke rubuce galibi rahoton hafsoshin Faransa ne. Shi ya ɗauki muryar mai sanin komai, yana kai mai karatu sansanin Faransawa yana dawo da shi Lugu, har ɓangarorin biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Fim ɗin da Med Hondo ya yi daga littafin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Bakin mata

A tatsuniya mata ne masu ba da labari, amma littattafan 1934 duk maza suka rubuta. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Daga bakinta aka ji harin masu kama bayi, da aure da kishi da ƙawance, yadda ake ganin su daga cikin gida.

Daga 1980, shekarar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito, mata suka shiga rubutun zube da ƙarfi. A Alhaki Kwikwiyo Ne (1990), Balaraba Ramat Yakubu ta yi amfani da muryar waje, amma ta fi zama kusa da Rabi, matar da miji ya kora da ƴaƴanta, har mai karatu ya san farashin kowace tukunya da ta ɗora. Masu karatun lise sun san wata hanyar a Une si longue lettre na Mariama Bâ (1979), inda littafin gaba ɗaya wasiƙa ce daga Ramatoulaye mai takaba zuwa ga ƙawarta Aïssatou. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta ƙara buɗe wa gajerun labaran mata ƙofa.

A littattafan kasuwar Kano da waɗanda ake yaɗawa ta waya yau, akwai wata dabara da ta yawaita: marubuciya ta shigo labarin da kanta, ta ce ta bi taurarin da biro da takarda ta laɓe tana ɗauko rahoto. Tsohuwar buƙatar ganau ce ta dawo da sabuwar riga.

Ƙananan dabaru da alamominsu

Jeranto: "sai ya", "sai ta", "suka", "aka" su ke tura labari gaba, aiki bayan aiki.

Tsallake lokaci: "kwanci tashi", "ana nan ana nan", "ran nan" suna haɗiye watanni ko shekaru a numfashi ɗaya.

Waiwaye: a tsayar da labari a koma baya don bayyana dalili. Shaihu Umar kusan gaba ɗayansa waiwaye ne.

Sauya wuri: "mu koma wajen wance", "shi kuwa wane" suna nuna mai ba da labari yana iya kasancewa wuri biyu.

"Ashe": kalma ce mai tona abin da tauraro bai sani ba. Duk inda ta fito, akwai wanda ya fi wani sani.

"Wai": da ita mai magana ke janye hannunsa daga abin da yake faɗi.

Jan rai: a katse labari a daidai inda ya ɗau zafi. Aku ya yi wa Musa haka, masu karanta littafi a rediyo ma haka suke yi.

Waƙa a tsakiyar tatsuniya: tana dawowa sau da sau, masu sauraro na amshi, ta haka su ma sun shiga cikin masu ba da labarin.

Amfaninsa ga Hausawan ƙetare

Wani kaso na tsohon adabin Hausa da ke rubuce yau daga bakin mazauna waje aka same shi. Tatsuniyoyin da R. S. Rattray ya buga a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A. J. N. Tremearne ya tattara bayanan bori na littafinsa na 1914 a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus. Inda aka adana sunan mai maganar, kamar Dorugu da Malam Shaihu da Baba ta Karo, ana iya komawa a auna abin da ya faɗa da zamaninsa da garinsu. Inda aka bar shi a "wani tsoho ya ce", wannan dama ta tafi.

Hanyar Agadas zuwa Arlit, Asamaka, Ingezam da Tamanraset tana cike da masu jin Hausa: fatake masu zuwa kasuwar Assihar, magina, direbobi, mata da yara ƴan ci-rani, da waɗanda ake mayarwa bakin iyaka. Yawancin abin da ake bugawa a kansu da muryar "aka" yake zuwa, aka kama, aka kwashe, aka sauke, kuma a adadi ake lissafa su. Ƴaƴan da aka haifa a can suna karatu da Larabci da Faransanci, Hausa ta zama harshen tsakar gida.

Masu tattara adabin baka suna da ƙa'ida mai sauƙi wadda duk mai waya zai iya bi in zai naɗi kakarsa ko maƙwabcinsa: a nemi izininsa, a rubuta sunansa da garin da ya fito, da wurin da aka yi naɗin da shekarar, da harshen da ya yi magana, da sunan wanda ya fassara in an fassara. A kuma bar maganar yadda ta fito, da "wai" ɗinta da "ashe" ɗinta, domin su ne ke nuna inda mai maganar ya gani da idonsa da inda ji ya yi.